Gyambon Kwanciya: "Da Sauƙi" Ba Awo Ba Ne

A aikina na jinya a nan ƙasar Gwarzo, babu tambayar da na fi rasa amsarta kamar wannan: yaushe gyambon ya fito, kuma yaya girmansa yake makon jiya? Kusan kullum sai a ce mini, "Alhamdu lillahi, da sauƙi." Kana ɗaga zani ka tarar da ramin da yatsu uku za su shige.

Mu ba mu saba kai tsofaffinmu gidan gajiyayyu irin na Shahuci a birnin Kano ba. A ɗaki muke jinyarsu, kuma abin a yaba ne. Sai dai a ɗakin ne gyambon kwanciya ke samun maɓoya. An taɓa kawo mana wata gyatuma daga Lakwaya wadda ɓarin jikinta ya shanye, ta yi watanni a kan tabarma. Ana dama mata kunu, ana yi mata wanki, ba wanda ya gaza. Kunya ce kawai ta hana a duba bayanta, har sai da wari ya tona asiri.

Gyambon na fitowa ne inda ƙashi ya danne fata a kan shimfiɗa har jini ya daina isa wurin: ƙashin gindi, kwatangwalo, diddige, kafaɗa da ƙeya. Littattafan da muka karanta sun ce alamar farko ita ce wurin ya yi ja. A farar fata ke nan. A tamu, sai dai ka ga wurin ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, in ka taɓa ka ji ɗumi ko tauri. Shi ya sa nake cewa a duba da rana, kuma a sa hannu. Gyambon na da mataki 4, na ƙarshe har ƙashi ake hangowa.

Idan fata ta riga ta fashe, a sayi littafin 'yan makaranta da rula. Sau ɗaya a mako, a rana guda, a auna tsawo daga ɓangaren kai zuwa ƙafa, sannan faɗi, a rubuta da santimita tare da kwanan wata. Zurfi kuwa a bar mana, mu ke da kayan aunawa. A rubuta launin cikinsa: ja mai danshi nama ne mai rai, rawaya ko baƙi mataccen nama ne. Yana ruwa? Mugunya ce? Da wari? In za a ɗauki hoto da waya, a nemi izinin mai jiki, a ajiye rula a gefe, kuma don Allah kada ya shiga WhatsApp na dangi.

Gyambon da ya tashi daga santimita 3 zuwa 5 ba shi da sauƙi, ko da tsohon ya ce ba ya jin zafi. Masu ciwon suga ma sau da yawa ba sa ji.

A riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, a sauya shimfiɗa da zarar ta jiƙe, a haɗa masa da wake, ƙwai ko nono. Kada a barbaɗa toka ko garin kafso. Da an ga zazzaɓi, baƙin nama ko mugunya, a nufi Babban Asibitin Gwarzo, ko asibitin Kabo in ya fi kusa. Ku taho mana da littafin.