Daga Daura Zuwa Lambun Gidan Tarihi na Jos

Duk shekara, da zarar bazara ta kama, zafi ya hana barci a Daura, sai an samu mai tambayata inda zai kai iyali su sha iska. Amsata guda ce: Jos, kuma a fara da harabar Gidan Tarihi da ke tsakiyar gari.

Jos tana kan tudu ne, sama da mita 1,200 daga doron teku, shi ya sa take da sanyi. Wannan sanyin ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka mai da ita wurin hutawa, ga kuma kuzar da suke haƙa. A 1952 aka buɗe gidan tarihin a ƙarƙashin Bernard Fagg, Baturen da ya yi aiki a kan gumakan yumɓu na Nok, aka kewaye shi da itatuwa da duwatsu, aka kuma kafa gidan zu a maƙwabtaka.

Ka bar Daura bayan asuba, ta Kazaure zuwa Kano, sannan ka nufi Saminaka. Kafin ka zaɓi hanyar Falgore ko ta Zariya, je ka tasha ka tambayi direbobin da suka biyo ta a makon, domin su ne suka san halin da take ciki. Kada dare ya yi maka a hanya, ko da kuwa sai kun kwana a Kano.

Rigar sanyi kuwa kada a bar ta a gida. Na san Badauri zai yi dariya in an ce ya saka suwaita a jaka a watan Afrilu, yana gumi. Amma ruwa yakan riga mu sauka a can, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma da yamma ta yi sai ka ga yaro ya naɗe hannu a hammata yana karkarwa. A Disamba da Janairu kuwa sai an haɗa da safa da hular sanyi. A sa takalmi sau-ciki, don silifa ba ya riƙe jiƙaƙƙen dutse.

Kuskuren da na fi gani shi ne gaggawa. Mutane su shiga, su ɗau hoto, su zarce wajen dabbobi. Ku iso da hantsi, ku shimfiɗa tabarma a inuwa, ku bar yara su murza ganyen itacen turare a tafin hannu su shaƙa. Sannan ku taka zuwa ɓangaren gine-ginen gargajiya, wanda wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Dmochowski, ya tsara. Akwai kwaikwayon ganuwar Kano, da na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani. Ruwan Jos ya ci jikin ginin ƙasar, don ba a saba da irin damunarsu a wajenmu ba, to a hana yara hawa. Amma ka ɗaga kan ɗanka ya dubi bakan gizon rufin masallacin, ka ce masa da ƙasa da azara aka yi, irin waɗanda ya sani a tsoffin zaurukan Daura.

A harabar kuma akwai tsohon kan jirgin ƙasa na ƙaramin layin dogon da ya haɗa Zariya da Jos daga 1914 zuwa 1957. A nan nakan so uba ya tsaya ya yi magana. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu an yi ɗiban gwamna, aka kwashi talakawa daga ƙasashen sarakunan Arewa aka kai su haƙar kuza dole, da yawa sanyi da yunwa suka kashe su. Sanyin da muka biya kuɗin mota muka zo sha, su da riga ɗaya suka tarar da shi. Ya kamata yaro ya ji wannan yana tsaye a wurin.

Ku riƙe canji don tikiti, ku nemi izini kafin ɗaukar hoto a cikin ɗakunan, kuma ku kwashe ledojinku. Babban masallacin gari ba shi da nisa idan azahar ta yi. Tsaraba kuwa a bari sai safiyar komawa, dankalin Turawa da kabeji da karas, don kada su yi yaushi kafin a isa Kazaure.