Kafin ka kira nas a waya, ka san asibitin da ke bayanta

Tun lokacin korona a 2020 mutane suka fara sabawa da neman shawarar ma'aikatan lafiya ta waya, kuma ina goyon bayan abin. Dattijo mai hawan jini da ke zaune a Tumfure ko Pantami a Gombe bai kamata ya hau Keke Napep ya je ya yini a layin kati don kawai a ce masa ya ci gaba da shan maganinsa ba. Kiran minti goma ya wadatar. Amma akwai sharaɗin da ba na sassautawa a kansa: nas ɗin da za ka riƙa kira ta kasance ma'aikaciyar wani asibiti da ka san ƙofarsa, inda katinka yake, kuma akwai likitan da take miƙa wa abin da ya fi ƙarfinta.

Tsarin ya fi ƙarfi a Amurka. A 1965 wata nas, Loretta Ford, da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas a Jami'ar Colorado don ba wa nas-nas ƙarin horo, har su iya duba marar lafiya da kansu. Yau a jihohi da dama na can irin waɗannan nas-nas suna gano cuta su rubuta magani, asibitoci kuma na ɗaukarsu kwantiragi su duba mutane ta bidiyo. Namu ba haka yake ba. A Najeriya nas tana aiki da lasisin Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma, kuma manufar raba ayyuka ta 2014 ta sakar wa nas-nas da ungozomomi da jami'an lafiyar al'umma wasu ayyuka ne kawai, irin su awon ciki, tazarar haihuwa da zazzaɓin cizon sauro. Aikinta yana da iyaka. Wadda ta ce maka "wannan sai likita ya gani" ita ce wadda za ka riƙe.

Zuwan farko da ƙafa za ka yi. Ka yanki kati, a auna nauyinka da jininka, a ga idonka. A nan ne za ka tambaya ko suna da tsarin bibiya ta waya, wace nas ce, wane matsayi take da shi, waɗanne ranaku da wane lokaci take amsa kira, kuma ko abin da kuka tattauna yana shiga cikin fayil ɗinka. Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin shawarar da ba a rubuta ba, ranar da ka kwanta likita ba zai san da ita ba. Kuɗi kuma a asusun asibiti za ka tura, a ba ka rasit. Idan kana cikin shirin GoHealth na jiha ko inshorar lafiya ta tarayya, ka tambayi asibitin da aka yi maka rajista ko kiran yana cikin abin da aka biya maka. Wanda ba shi da halin asibitin kuɗi ya fara da asibitin matakin farko na mazaɓarsa. Jihar Gombe na da mazaɓu 114, kuma ma'aikatan waɗannan asibitoci sukan san mutanen unguwa.

Yawancin kiran da ke tashi a banza rashin shiri ne ke kashe shi. Nas ba ta taɓa ka ta waya, saboda haka kai ne hannunta da idonta. Kafin lokaci ya yi, ka jera dukkan magungunan da kake sha a kan faranti, har da na gargajiya da wanda ka saya a kemis, ka ɗauki hotonsu a hasken rana yadda sunan da ƙarfin kowanne zai fito. "Wani fari ƙarami" ba suna ba ne. Mai hawan jini ya nemi na'urar awo ta damtse. Ya zauna minti biyar ba magana, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai da ƙirji, ya auna sau biyu, ya rubuta a littafi da kwanan wata. Idan awon yana yawan kai 140/90 ko ya wuce, shi ne farkon abin da zai faɗa. Mai ciwon suga ya auna da safe kafin karin kumallo.

Idan yaro ne ke tari da zazzaɓi, uwa ta ɗaga masa riga yana kwance shiru, ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cif da agogon waya. Daga wata 2 zuwa 11, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. Daga shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Ta juya kyamara nas ta ga ƙirjin, ko yana lotsawa ciki. Wannan ɗan aiki yana iya bambance mura da ciwon huhu.

Ina roƙon magidanta abu ɗaya. Idan uwargida ce ba ta da lafiya, a miƙa mata wayar, a bar mata ɗakin. Akwai abin da mace ba za ta faɗa a gaban yara ko uwar miji ba, kuma sau da yawa shi ne ainihin ciwon. Hoton jiki kuwa kada a tura shi cikin zauren WhatsApp na jama'a. Dokar kare bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta sirrinsu, kuma haƙƙinka ne ka tambayi asibiti wa ke ganin naka. In sabis ya yi rauni, saƙon murya ya fi bidiyo mai yankewa.

Zazzaɓi ba a gano dalilinsa ta waya. Gwajin cizon sauro na ɗigon jini ba ya wuce minti 20, a yi shi kafin a sha magani. Duk wanda ya ce maka taifot ne daga jin muryarka, ya rubuta maka allurai, ka yi hattara da shi. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, musamman da rani lokacin da cutar Lassa ke tashi, na asibiti ne. Idan an ba ka magani, a turo a rubuce: suna, yawa, sau nawa a rana, kwana nawa. Ka karanta wa nas ɗin ta ji.

Akwai kuma lokacin da kira ɓata lokaci ne. Mai ciki ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburi da dishi-dishin gani. Yaro yana jijjiga ko ya kasa kama nono. Ciwon ƙirji mai matsewa. Baki ya karkace ko hannu ya saki. Awon jini ya kai 180/120 tare da ciwon kai ko ƙirji. A ɗauki mutum zuwa Asibitin Ƙwararru na Jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko asibitin mata da yara na Zainab Bulkachuwa. Saran maciji ma haka: ba ɗauri, ba tsaga, a tafi asibiti mafi kusa, ga kuma na Kaltungo da ya ƙware a kansa. Nas ɗin a kira ta daga kan hanya, ta faɗa wa masu karɓa irin magungunan da yake sha.

A kiran da ba na gaggawa ba, kafin ku kashe waya ku tsayar da ranar kira na gaba da ranar da za ka koma da ƙafa. Mai hawan jini ko suga ya tafi da na'urarsa da littafinsa, a gwada na'urar da ta asibiti a ga ko awonsu ya zo ɗaya.