DAGA SHAFIN INTANET ZUWA KASUWAR MANHAJA

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, da yawa daga cikinmu mun fara koyon gina shafin intanet a darasin kwamfuta. Nufina a nan in bayyana yadda wannan ɗan sani zai zama sana'a, watau a mai da shafi ya zama manhajar waya, a kai ta kasuwa.

Abu uku ake gina shafi da su. HTML shi ne tubali, CSS shi ne yaɓe da fenti, JavaScript kuwa shi ke sa shafi ya amsa in an taɓa shi. A da, mai son yin manhajar waya sai ya sake koyon wani harshen kwamfuta dabam. Amma tun wajen 2009 aka sami PhoneGap, wanda daga baya ya zama Cordova, yanzu kuma ga Capacitor. Aikinsu su naɗe shafin cikin wani kwanso, ya hau waya kamar kowace manhaja, har ya iya aiki da kyamara.

Kasuwannin manya biyu ne. Kamfanin Apple ya buɗe App Store a 2008. A shekarar ce kuma Google ya buɗe tasa, wadda aka sa wa suna Google Play a 2012. Kuɗin rajista a Google dala 25 ne, sau ɗaya tak. Na Apple dala 99 ne kowace shekara, kuma sai da kwamfutar Mac ake harhaɗa manhajarsa. Tun da yake wayoyin da suka cika hannun mutane a Kawo da Unguwar Rimi na Android ne, irin su Tecno da Itel, a ganina mai farawa ya soma da Google.

Kamfanonin nan dillalai ne, kuma dillali ba ya aiki sai da la'ada. Da can kashi 30 cikin 100 suke cira daga kowane ciniki. A 2021 suka rage wa ƙananan masu sayarwa zuwa kashi 15.

To, wace irin manhaja za a yi? Ni dai abin da ke kusa nake dubawa. Ga teloli a Kasuwar Barci suna rubuta awon mutane a littafi, in littafin ya ɓace gab da Salla sai rigima. Manhajar da za ta ajiye awo da ranar karɓar ɗinki, da Hausa, ba tare da ta ci data ba, ta fi ƙarfin a raina ta. Wanda ya kwafi shafi kurum ya naɗe, ba wani amfani sabo, Apple kan ƙi karɓa. Sa'an nan mutanenmu ba su saba sayen manhaja ba, don haka ya fi kyau a ba da ita kyauta, tela ya gwada, in ta yi masa ya biya kaɗan don ƙarin aiki.

Iyaye, a nan muke bukatarku. Sai mai shekara 18 ke buɗe rajista, ni kuwa 16 gare ni. Kuma Google na bukatar sabon mai rajista ya sami waɗansu mutane su gwada manhajar har kwana 14 kafin ta fita. Ga shi ba a barinmu da waya a makaranta, sai lokacin hutu. In ɗanku ya nemi aron wayarku ko kuɗin rajista, ku tambaye shi ya nuna abin da ya gina. In akwai, ku taimaka masa.

Mu kuwa ɗalibai, kada wannan ya raba mu da littafi, gama lissafi da Turanci su ne jarin aikin. Da sannu akan yi ƙaura. Allah ya ba mu sa'a, amin.