Amsoshin Tambayoyinku: Gane Shayin Bagamot Mai Kyau

Wani mai sauraronmu daga Zariya ya aiko da tambaya kan shayin nan mai ƙamshin lemo da ake kira Earl Grey. Ya ce idan mutum ya samu iri-iri na ganyen da ake aunawa, ba na 'yar jaka ba, yaya zai gane mai kyau?

Mun gode, Malam. Ƙamshin nan na bagamot ne. Bagamot wani lemo ne mai ɗaci da aka fi nomawa a Kalabiriya, kudancin Italiya, kuma daga ɓawonsa ake matso man da ake sa wa baƙin ganyen shayi. Sunan Earl Grey kuwa na Charles Grey ne, wanda ya zama firaministan Birtaniya a 1830. A ganinmu, ganyen ne abin dubawa kafin ƙamshi. Ganyen ƙasar Sin ya fi laushi a baki, na Siri Lanka ya fi kaifi, na Asam ta Indiya ya fi kauri. Domin gwadawa, a zuba cokali ɗaya na kowanne a kofinsa, a kwara tafasasshen ruwa daidai wa daida, a jira minti huɗu, kada a sa madara ko sukari tukuna. Sannan a duba jiƙaƙƙen ganyen: ya buɗe fale-fale, ko kuwa gari ne ya kwanta a gindin kofi?

Wani zai ce ai ƙamshin ake saye. Gaskiya ne, amma ƙamshin da ya cika yawa yakan rufe raunin ganye, ya bar ɗanɗano kamar na sabulu a harshe. Bagamot da aka sa daidai ba ya danne shayi. Malam, ka zaɓi wanda ko ya huce kana jin ɗanɗanon shayi a cikinsa.