Darasin Turancin Kasuwa: Kalmar Swap da 'Yan Uwanta

Darasinmu na wannan fitowa a kan wata 'yar gajeruwar kalma ce da duk mai kai shanu Legas ko Kumasi zai ci karo da ita, watau swap. Ana furta ta kamar "suwaf". Ma'anarta musaya, abin da iyayenmu ke kira furfure, ko ba ni gishiri in ba ka manda. Masu Faransanci kuwa troc suke cewa.

To, in mahauci ko wani attajiri ya ce maka "let us swap", nufinsa ba zai ƙirga maka kuɗi ba, wani abu zai ba ka a madadin dabbarka, ko babur, ko mota, ko buhunan masara. Da ka amsa, ciniki ya faɗa, shanu sun zama nasa. In kayan ba su yi daidai ba sai a yi ciko, su kuma balance suke kiransa. Saboda haka kada ka ce "yes" sai an yi wa kowane kaya kuɗi a gaban dillali da shaidu. Wanda ya karɓi mota babu takardunta, wahala ya saya da shanunsa, don kwastan da duwan ba su san zancen furfure ba.

Kalma ta biyu ita ce exchange. Ita ta fi faɗi, kuma ita aka fi yi wa kuɗi. Ƙanwarta change, daga gare ta muka samo "canji". In ka ga an rubuta exchange rate, farashin canji ke nan. A allon 'yan canji za ka ga layi biyu, buying da selling. Na farko shi ne yadda su za su sayi kuɗinka, na biyu yadda za su sayar maka, kuma kullum na farko ya fi ƙasa. Misali kawai: a ce suna sayen jikar sefa naira 2,500, suna sayarwa 2,600. A miliyan ɗaya na sefa bambancin ya kai naira 100,000. Ka ga ribar bijimi tana iya narkewa a teburin mai canji tun ba ka bar Maigatari ba.

A kuma tuna sefa iri biyu ce. Ta Nijar da Benin daban, ta Chadi da Kamaru daban. Tun 1999 kowacce 655.957 take a kan yuro ɗaya, amma takardar wannan ba ta ciniki a ƙasar waccan, sai an canza, mai canji kuma ya cire nasa.

Hukuma ma tana amfani da swap. A 2022 babban bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000, a watan Janairun 2023 kuma ya fito da shirin cash swap, watau ka miƙa tsohuwa a ba ka sabuwa. Manya daga cikinmu sun tuna canjin kuɗi na 1984, lokacin da aka rufe iyakoki aka ba da wa'adin da bai cika mako biyu ba. Fataken da suka tara naira a wajen ƙasar sun ji jiki. Duk ranar da ka ji wannan kalma a bakin banki, ka tambayi wa'adi tun da wuri.

Ta fuskar shari'a, malamanmu sun karantar da mu cewa canjin kuɗi da kuɗi hannu da hannu ake yi, a zama ɗaya. Ka ba da sefa yau a ce ka zo jibi ka karɓi naira, akwai haɗarin riba, ga kuma haɗarin farashi ya juya kafin jibin. Furfuren sa ɗaya da 'yan maruƙa biyu ya halatta in kowa ya kama igiyarsa nan take. In da jinkiri a ciki, a tambayi malami tukuna.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya kai mu gida lafiya, amin.