Yadda Ake Fara Karatun Tauhidin Kirista a Tsare

Mai bishara a Partago ko Jugu, a ƙasar Benin, yana zaune tsakanin maƙwabta Musulmi, kuma tambayar da za ta tare shi a bakin kasuwa takan zama kan Allah-Uku-Cikin-Ɗaya ko matsayin Yesu. Ayar da ya haddace jiya ba za ta fisshe shi ba, sai ya san yadda koyarwar bangaskiyarsa ke riƙe da juna. Aikin tauhidi mai tsari ke nan, kuma hawa-hawa ake koyonsa.

Da farko, a sauke Littafi Mai Tsarki gaba ɗaya. Cikakken juyinsa na Hausa yana nan tun 1932. A ware littafin rubutu, a raba shi gida bakwai: Allah, mutum da zunubi, Almasihu, Ruhu Mai Tsarki, ceto, ikilisiya, ranar ƙarshe. Duk ayar da aka ci karo da ita a kai ta gidanta. Na biyu, a ɗauki shaidar bangaskiyar da aka tsara a Nikiya a 325, aka cika ta a 381, a nemo wa kowane layi ayoyin da ya dogara a kansu. Na uku, a zaɓi littafi ɗaya tak na ɗarikar mutum, a karanta shi a gaban malami: ɗan Katolika ya nemi katekizim wurin fada, ɗan ikilisiyar UEEB ya nemi fastonsa. Na huɗu, a bayyana kowane babi da Hausa ko Dendi ga wanda bai yi boko ba. Abin da ya tsaya a Faransanci kawai bai zauna ba tukuna.

Wasu za su ce Littafin ya wadatar, tsari kuwa ƙagen mutane ne mai raba kan masu bi. Gaskiya ne an sha rabuwa kan koyarwa. Amma wanda ya karanta Romawa 3 kan bangaskiya, ya zo Yakubu 2 kan ayyuka, dole ya daidaita su, ko ya so ko ya ƙi. Kowane mai wa'azi yana da nasa tsarin. Bambancin kawai, wani ya tantance nasa, wani bai taɓa dubawa ba. Shi ya sa matakin farko ya zama Littafin kansa, domin shi ke hukunta tsarin.

Mai niyya ya nemi malami tun yau, ya fara da babin Allah.