Aikatau "Get" na Ingilishi: Ma'anoninsa da Tarkon Fassara Shi da "Samu"

Gabatarwa

A lokacin da nake koyar da Ingilishi a wata makarantar sakandare, na taɓa ba ɗalibai jimlar "The boy got lost" domin su mayar da ita Hausa. Da dama daga cikinsu suka rubuta "Yaron ya samu ɓatacce", alhali abin da jimlar ke nufi shi ne yaron ya ɓata. Laifin ba nasu ba ne kaɗai, domin tun daga firamare aka cusa musu cewa "get" shi ne "samu". Wannan maƙala za ta nuna cewa ma'anar wannan aikatau ta rataya ne a kan irin kalmar da ta biyo bayansa.

Asalin kalmar

Ingilishi ya aro kalmar ne daga "geta" ta tsohon harshen mutanen Sikandinebiya, waɗanda suka mamaye arewaci da gabashin Ingila tun daga ƙarni na 9. Ma'anarta ta farko ita ce kai hannu ga abu. Ke nan "samu" ba kuskure ba ne, sai dai kalmar ta yi rassa, ta bar wannan ma'ana a matsayin ɗaya daga cikin da yawa.

Abin da ke biyo bayan aikatau

Idan suna ne ya biyo baya a matsayin karɓau, "samu" kan yi aiki: "I got a job" na nufin na samu aiki. Ko a nan ma akwai tuntuɓe. "Get me some water" umarni ne na a ɗebo ruwa, "She got malaria" kuwa zazzaɓin cizon sauro ne ya kama ta. Wanda ya ce "I don't get it" bai gane ba ne, ba wani abu aka hana shi ba.

Idan sifa ce ta biyo baya, "samu" ya fita daga lissafi gaba ɗaya. A nan "get" sauyin hali yake nunawa, wato fita daga wani yanayi zuwa wani. Hausa takan bayyana wannan da aikatau guda ko da "yi": "get tired" shi ne gaji, "get old" tsufa, "get angry" fusata, "get rich" yin arziki. Bambancin "He is tired" da "He got tired" daidai yake da na "a gajiye yake" da "ya gaji". A ganina, wannan kwatanci ya fi kowace doka saurin shiga kan ɗalibi, domin bambanci ne da ya riga ya sani a harshensa. Kusa da wannan akwai sigar da ake ɓoye aikau, kamar "He got arrested", an kama shi. Sau da yawa wannan siga kan zo da abin da ya auka wa mutum ba da son ransa ba, kodayake akwai "He got promoted", an yi masa ƙarin girma.

Inda aka fi rikicewa shi ne idan "to" ya biyo baya. A dubi waɗannan jimloli: "We got to Kano", "We got to see the Emir", da "We have got to go". Ta farko isa wuri ce: mun isa Kano. Ta biyu dama ce: mun samu ganin Sarki. Ta uku tilas ce: dole mu tafi. Kalmomi biyu ne iri ɗaya a jere, amma ma'ana uku, kuma mai fassarar takardar asibiti ko ta kotu da ya ɗauki tilas a matsayin dama ya yi ɓarna babba.

Haka nan "I got him to sign" na nufin na sa shi ya sa hannu, tare da alamar cewa sai da aka lallashe shi. Su kuwa irin su "get up", tashi, da "get off", sauka, da "get over", warkewa ko dangana, sai dai a haddace kowanne a matsayin kalma mai zaman kanta.

Bambancin wuri ma yana da tasiri. Mutanen Amurka sun riƙe tsohuwar siga "gotten", wadda daidaitaccen Ingilishin Birtaniya ya yar, har suna bambanta "I have gotten a car", na samu mota, da "I have got a car", ina da mota. A Nijeriya kuma Ingilishin buroka yana amfani da "get" wajen mallaka da samuwa: "I get moni" ina da kuɗi, "e get one man" akwai wani mutum. Ɗalibin da ya tashi yana jin wannan yakan shigo da shi cikin rubutun jarrabawa, a rage masa maki.

Bai kamata Bahaushe ya yi mamakin wannan yawan ma'ana ba. Aikatau "ci" haka yake: a ci tuwo, a ci kasuwa, a ci zaɓe, a ci bashi, a ci amana, a ci mutunci. Da na koma ajin nan, sai na rubuta "ya ci jarrabawa" a allo, na ce su fassara ta da "eat". Suka fashe da dariya. Daga nan na sake rubuta musu "The boy got lost", suka gyara fassararsu da kansu.